Sharhina kan filtar AC mai ninki-ninki, da abin da ya sa ba na wasa da canza ta

Jama'a, filtar nan mai ninki-ninki ta MERV 11 (lambar da ke nuna yadda filta ke kama ƙananan abubuwa) da nake sa wa na'urar gidana, irin na'urar nan guda ɗaya da ke ba da sanyi lokacin zafi kuma ta ba da ɗumi lokacin sanyi ta cikin bututun iska, gaskiya tana aiki kuma na gamsu da ita, amma fa sai in ana canza ta. Wanda ya san zai saka ne ya manta da ita har shekara ta zagayo, wlh ba ita ya kamata ya saya ba, domin yadda take kama ƙura da yawa haka take saurin toshewa.

Kafin ita, irin shimfiɗaɗɗiyar nan ta zaren gilas nake amfani da ita, wadda in ka ɗaga ta kana hango hannunka ta ɗaya gefen. Ita manyan abubuwa kawai take tarewa, gashi da zare da su ɓurɓushin auduga, amma ƙura mai laushi wucewa take abinta ta je ta zauna a kan koyil (naɗaɗɗen bututun ƙarfen da ke sanyaya iska) da fanka. Wannan kuwa da yake an ninninka ta, faɗin wurin da iska ke ratsawa ya ninka na waccan sau da yawa duk da girman firam ɗinsu ɗaya ne, shi ya sa take iya kama ƙananan abubuwa ba tare da ta shaƙe na'urar ba tun tana sabuwa. Abin da na fara lura da shi shi ne ƙurar da ke kwanciya kan tebur da talabijin ta ragu sosai, ba wai ta ɓace ba, amma sharar ta yi sauƙi. Sai kuma atishawar safe da nake fama da ita, ta lafa. Ni ba likita ba ne kuma ba zan ce wa mai asma filta magani ce ba, abin da na gani a jikina kawai nake faɗa. Wanda ya fi faranta min rai shi ne da mai gyara ya zo duba na'urar ya buɗe wajen koyil, ya haska min da tocila, fes, ba wannan baƙin dattin da ke mannewa tsakanin siraran ƙarafunan.

Kuma a nan ne nake son mu tsaya, domin mutane da yawa sun ɗauka filta don hancinmu kawai aka yi ta. Aikinta na farko kare na'urar ne. Duk iskar da na'urar za ta sanyaya ko ta ɗumama sai ta bi ta cikin filtar nan tukuna, to in ta toshe fanka za ta yi ta ja amma iskar da ke shigowa ba ta kai yadda aka tsara ba, kamar dai mai mura da hancinsa ya toshe yana ta fama ya shaƙi numfashi. Daga nan matsaloli suke farawa ɗaya bayan ɗaya.

A ɓangaren sanyi, koyil ɗin da ke ciki yana buƙatar iskar ɗaki mai ɗumi ta riƙa bi ta kansa don gas ɗin da ke cikinsa ya kwashe zafin. In iskar ta yi kaɗan sai koyil ɗin ya yi sanyi fiye da kima, raɓar da ke taruwa a jikinsa ta daskare ta zama ƙanƙara, ita kuma ƙanƙarar ta ƙara toshe hanyar iska, sai ka ga AC na ta ƙugi amma ɗaki ba sanyi, in ka kashe kuma ƙanƙarar ta narke ruwa ya cika tiren ya fara zuba a ƙasa ko a silin. Mutane da dama a wannan gaɓar suke cewa ai gas ne ya ƙare, su kira a ƙara musu gas, alhali filta ce kawai. Mafi muni, in gas ɗin bai gama zama tururi ba ya koma wa kwamfuresa a matsayin ruwa, ita kuwa kwamfuresa tururi aka yi ta ta matsa ba ruwa ba, kuma duk wanda ya taɓa canza ta ya san ita ce mafi tsada a cikin na'urar gaba ɗaya.

Ɓangaren ɗumi ma haka ne amma a juye. Hitar da ke ƙona gas, irin na girki ba na sanyaya AC ba, tana da wani ƙarfe da wuta ke gasawa daga ciki, iska na bi ta bayansa tana kwasar zafin zuwa ɗakuna. In iska ta yi ƙaranci ƙarfen sai ya yi zafi ya wuce iyaka, akwai wani makunnin kariya da ke kashe wutar da kansa, in ya huce ta sake kamawa, ta sake mutuwa, haka za ta yi ta yi kuma gida bai ɗumama ba. Wannan zafi da hucewa a kai a kai yana gajiyar da ƙarfen har ya iya tsagewa, in ko ya tsage iskar kabon monoksayid na iya shiga cikin iskar da ake shaƙa, ita kuma ba ta da launi ba ta da wari kuma tana kisa. Wannan abin ba na wasa ba ne ko kaɗan, duk mai hita ta gas don Allah ya sa na'urar da ke ƙara in ta ji wannan iskar, ko da kuwa yana canza filta a kan lokaci.

Sai maganar kuɗin wuta. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce canza filta da ta toshe da sabuwa na iya rage wutar da AC ke ci da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Ni ban auna nawa da mita ba, amma ina jin bambanci a yadda na'urar ke kai ɗaki sanyin da na saita ta tsaya ta huta, maimakon ta yi ta aiki ba ƙaƙƙautawa.

Toh, lambar MERV ɗin nan. Ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE, daga 1 zuwa 16, duk yadda lambar ta hau haka filtar ke kama ƙananan abubuwa. Ta zaren gilas tana tsakanin 1 zuwa 4. MERV 8 na kama ƙurar gida da garin furen tsirrai da ƙwayoyin fumfuna, 11 ta ƙara da waɗanda suka fi su ƙanƙanta, 13 kuma har wani kaso na hayaƙi da ƙwayoyin bakteriya take tarewa. Hukumar kare muhalli ta Amurka wato EPA tana ba da shawarar 13, ko kuma mafi girman lambar da na'urarka za ta iya ɗauka, kuma wannan sharaɗin na ƙarshe shi ne mutane ke tsallakewa. Na gwada 13 mai kaurin inci 1 a tawa, sai na ji ƙarar jan iska ta ƙaru a wajen ragar da iska ke shiga na'urar, iskar da ke fitowa a ɗakin da ya fi nisa kuma ta yi rauni, na koma 11 komai ya daidaita. Wata na'urar za ta ɗauki 13 lafiya lau, ya danganta da ƙarfin fanka da faɗin bututu, saboda haka a duba littafin na'ura ko a tambayi mai gyara ya auna matsin iskar. Filtar da ake kira HEPA kuwa, wadda ke kama kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyi masu girman maikiron 0.3 (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), ba a yi ta don a cusa a ramin filtar na'urar gida ba, ta yi wa fankar ƙarfi, wurinta shi ne na'urar tace iska mai zaman kanta.

Abubuwan da ba su yi min ba a wannan filtar suna nan su ma. Firam ɗinta kwali ne, in aka matse ta wajen kawowa gefen yana lanƙwashewa, kuma ko ɗan gibi ne ya rage iska za ta bi ta nan da ƙurarta ta bar filtar, don iska kullum hanya mai sauƙi take nema. Sannan girman da ake rubutawa a jiki, misali inci 16x25x1, ba shi ne ainihin awon ba, na gaskiyar ya ɗan gaza haka kuma yana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, gara mutum ya auna tsohuwar da tef kafin ya saya. Wani abin da ke rikita mai saye kuma shi ne wasu kamfanonin nasu ma'aunin suke bugawa ɓaro-ɓaro a gaban leda, MPR ko FPR, sai ka juya baya ka nemo MERV ɗin a ƙananan rubutu. Kuma eh, ta fi ta zaren gilas tsada, kuma ba a wanke ta, ba a kakkaɓe ta a mayar. In ruwa ya taɓa ta ta lalace, kakkaɓewa kuma saman kawai yake cirewa, wadda ta nutse cikin zaren tana nan.

Yaushe ake canzawa? A ledar an rubuta har wata 3, shirin Energy Star na gwamnatin Amurka kan tsimin makamashi ma cewa ya yi a duba duk wata, musamman lokacin da na'ura ke aiki sosai, a canza in ta yi datti, kuma kar a wuce wata 3. Ni wata ukun nan iyaka na ɗauke shi ba alkawari ba. Gidan da ke da kyanwa ko kare, ko mai shan taba, ko ana gini kusa, ko mutane da yawa, ba za ta kai ba. Abin da nake yi shi ne in kashe na'urar, in zaro filtar in ɗaga ta saitin fitila, in haske ba ya ratsowa to ta gama aikinta. Wajen saka sabuwa a kula da kibiyar da ke jikin firam, dole ta kalli ɓangaren fanka, wato inda iska ta nufa, in aka juya ta baya ragar ƙarfen da ke tallafe ta ba za ta riƙe ta ba, tana iya lotsawa ciki. Ina kuma rubuta ranar da na saka da maka a gefen kwalin, wannan ya fi dogaro da tunani.

Masu AC na bango irin na ɗaki ɗaya, taku ragar roba ce, ita wankewa ake yi ba a yarwa, yawancin littattafan na'urorin sun ce duk mako 2 in ana amfani da ita kullum, da ruwa mara zafi sosai, a bari ta bushe sarai a inuwa kafin a mayar, in ba haka ba fumfuna za ta samu wurin zama sai wari ya fara fitowa.

Zan ci gaba da sayen MERV 11 ɗin nan, kuma ina sayen kwali guda mai ɗauke da da yawa ne don kar in zaro mai datti in rasa abin sakawa. Abin da nake shirin tambayar mai gyara a zuwansa na gaba shi ne ko za a iya sa min akwatin filta mai kaurin inci 4, domin irin su suna kai wata 6 har zuwa shekara, kuma da yake ninkinsu ya fi zurfi ba sa danne iska sosai, ta yiwu da ita na'urata ta iya ɗaukar 13 ɗin.