Wurin kwanciyar jariri: me za ki saya, me za ki bari a shago?

A haihuwata ta fari, abin da ya fi ɗaukar idon 'yan barka shi ne wata 'yar katifa mai laushi, gefunanta a kumbure da auduga, ga gidan sauronta a haɗe kamar lema. Ni kaina har nuna ta nake yi. Wani dare kafin mu yi arba'in na farka na tarar yarinya ta sulale, hancinta ya nutse a gefen audugar. Allah ne ya tsare. Tun daga ranar, duk mai cikin da ta tambaye ni amsa ɗaya nake ba ta: gadon katako mai sanduna, da katifa mai tauri.

Ba sai kin nemi na waje ba, kafintocinmu na nan Katsina suna yi, amma ke za ki ba da awo. Tazarar da ke tsakanin sanduna kada ta wuce santimita 6. Ni da gwangwanin lemo na je wurin kafinta, na ce, "Malam, in wannan ya shige tsakani, ba zan karɓa ba." Ya yi dariya, amma ya yi yadda na ce. Ki shafa ko'ina da tafin hannu ki ji ko akwai ƙusa ko tsini, a kuma bar shi a tsakar gida sai warin fenti ya fita. Katifa ta cika gadon dam. In yatsu biyu suka shiga tsakaninta da katako, ta yi ƙarama. Zanen gado ɗaya a ɗaure tam, ba filo, ba bargo, ba 'yar tsana. Jariri a rigingine ake kwantar da shi, dare da rana. Ki matso da gadon jikin naki. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar ya kwana ɗaki ɗaya da uwarsa aƙalla wata 6, amma a shimfiɗarsa daban. Gidan sauro kuwa a rataya daga sama, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa, kada ya yi lilo a fuskarsa.

Sauran fa? Kwando yana da kyau, sai dai wata uku zuwa huɗu yaro ya fi ƙarfinsa. Kujerar lilo ta wasa ce, ba ta barci ba. Kwana gado ɗaya kusan dukanmu mun yi, ban isa in yi ƙarya ba, amma mai jego a gajiye barcinta nauyi gare shi. Kushin kam ko da wasa.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne 'yan gwanjo da masu talla a WhatsApp. Da kin taɓa kaya sai ki ji, "Na waje ne, Hajiya." To, a wajen ma an hana wasu. A 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye kujerar barcinsa Rock 'n Play, kimanin miliyan 4.7, saboda mutuwar jarirai. A 2022 Amurka ta haramta sayar da shimfiɗar barci mai gangara da kuma matasan da ake zagaye cikin gado da su. Gado mai gefen da ake zugewa ƙasa tun 2011 suka hana shi. Abu mai irin wannan siffa, ko kyauta ne, ki bar shi.

Algus ɗin katifa ya fi ba ni haushi. Wani mai shago ya sayar mini da ita cikin leda, riga sabuwa fil. Sati biyu ta lotsa a tsakiya. Da na farke ɗinkin, guntayen soso ne aka manna da gam, har da wani baƙi mai warin ruma. Yanzu sai an cire leda a gabana, in danna da hannu: in sawun hannuna ya zauna, ba na saye. Mai zif ma sai na zuge na leƙa. In ta waya ce, hoto ba ya isa; a ɗauko bidiyo ana dannawa, kuma ba na tura kuɗi duka sai kaya sun iso ƙofar gida. Kafinta ma rabi nake ba shi, sauran sai gwangwanina ya gwada.