Na koma noti a tayar baya

Keken da nake hawa zuwa aiki irin wanda ake kira fiksi ne, a gwanjo na saye shi. Ga wanda bai san shi ba, keke ne marar firiwil: ƙaramin haƙorin baya a ɗaure yake da taya, muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ƙafa ba ta hutawa ko a gangara. In kana son rage gudu sai ka turje wa feda da ƙafafunka. Shi ya sa abin da ke riƙe da tayar baya yake shan wahala, domin cen na jan sa gaba wajen tashi, yana kuma jan sa gaba wajen tsayawa.

Da noti ya zo, gaba da baya, irin na sifana mai lamba 15. Faci ne ya raba ni da su. Sau biyu cikin mako guda ƙusa ta huda mini taya, ga sabon tib a jaka, amma na bar sifana a gida, sai tura keke na yi cikin rana. Haushi ya sa na kai aka canza mini sandar tsakiyar taya, gaba da baya, zuwa mai rami, aka zura mata maɗaurin nan mai ɗan hannu da ake kira kwik rilis, wanda da ka ɗaga hannun taya ta fito.

Dabarar tana da asali mai kyau. Wani ɗan tseren keke na Italiya, Tullio Campagnolo, shi ya ƙirƙiro ta, ya yi mata rajista a 1930. Labarin da ake bayarwa shi ne a 1927, a kan dutsen Croce d'Aune, sanyi ya ƙandarar masa da yatsu har ya kasa kwance notin tayarsa ana tsaka da tsere. Ni sanyi bai dame ni ba, mantuwa ce kawai da ƙyuya.

Mako biyu na farko na ji daɗinsa, gaskiya. A na uku, wata safiya danja ta ba mu hannu, na miƙe tsaye na danna feda da ƙarfi, sai na ji wani gurza-gurza a baya kamar ana goge tukunya. Da na sauka na tarar taya ta karkace, tana gogar ƙarfen hagu har ta ɗebe fenti, cen kuma ya yi laƙwas. Na daidaita, na matse hannun maɗaurin har ya bar mini shaida a tafin hannu. Bayan kwana biyu ina turje wa feda a wata 'yar gangara cen ya zame ya faɗi. A fiksi in cen ya faɗi, birkin ƙafa ya tafi ke nan, in kuma ya maƙale tsakanin haƙori da ƙarfe taya na iya cijewa nan take. Allah Ya taimake ni ban bi 'yan gayun da ke cire birkin gaba ba.

Na kai wa wani dattijo mai gyara a unguwarmu. Ya juya keken ya kifa shi a kan sirdi, ya sa yatsa a ramin da sandar taya ke zama.

"Ɗana, duba nan. Ramin a kwance yake, bakinsa na kallon baya. Me zai hana ta tafiya in ba matsi ba?"

"To Baba, ai na matse iya ƙarfina."

Sai ya zare maɗaurin ya nuna mini. Siririn tsinke ne da bai wuce milimita 5 ba, alhali sandar da na cire milimita 10 ce, cikakkiya. Ga shi inda hannun ke dannawa roba ce, fuskar da ke kama ƙarfe kuma alminiyam, haƙoranta sun riga sun lafe. A kekunan da raminsu tsaye yake, sandar ba ta da inda za ta je, shi ya sa irin wannan maɗauri ke isa. A yi masa adalci dai: akwai tsohon samfurinsa na ƙarfe zalla wanda abin matsin ke ɓoye a ciki, ya fi cizo nesa ba kusa ba, da shi aka yi ta tsere shekaru a kan ramuka na kwance. Nawa ba shi ba ne.

Muka mayar da sandar asali. A nan ne na gane noti ma suna suka tara. Wanda ya dace shi ne mai washa a jikinsa, tana juyawa daban da notin, kuma tana da haƙora. Washar na cije ƙarfe ta tsaya, notin na juyawa a kanta, taya ba ta gocewa kana cikin ɗaurewa. Ya kuma ƙara mini ɗan majanyin cen a ɓangaren dama, irin wanda duk muka sani a bayan tsofaffin Raleigh da Phoenix, mai zobe da ɗan ƙaramin noti. Abin da na raina ina yaro, shi ne yau ke riƙe mini taya.

Ɗaurewar tana son haƙuri. Ka ɗan kama hagu, ka daidaita taya a tsakiya, ka kama dama, ka riƙa bi da bi. Ka juya feda a hankali ka nemo inda cen ya fi tauri, domin babban haƙori ba ya zama da'ira cif, a nan za ka bar masa wasan kamar santimita 1. Kuma kada ka kai yatsa kusa da cen taya na juyawa, fiksi ba ya tsayawa don ya kama nama.

Tayar gaba babu cen da ke jan ta, maɗaurin bai taɓa ba ni matsala a can ba. Na cire shi ne don ɓarawo ma hannu ɗaya zai ɗaga.

Wata huɗu ke nan taya ba ta motsa ba. Canza tib ya ƙaru da kamar minti uku, shi ne abin da na biya. Sifanar kuwa gajeriya na samo, na ɗaure ta a ƙarƙashin sirdi da robar tsohon tib, can take kwana.