Masaukin Grand-Popo da sunka ce suna karɓar kare

Wani abokina nan Yamai ya tambaye ni ko masaukin da na sauka bakin teku a Grand-Popo, can ƙasar Benin, ya yi, wai shi ma yana son kai iyali in hanya ta daidaita. To bari in faɗa kowa ya ji. Ba zan kama suna ba, wanda ya san garin ya san jerin masaukan da ke tsakanin titi da ruwa, ɗaya ne cikinsu.

Disamba 2022 munka tafi, kafin a rufe gadar Gaya da ke iyakarmu da Benin. Ni da uwar ɗiya da yara biyu da Guguwa. Eh, kare ne, kuma don Allah kada wani ya fara mini wa'azi, na sha shi wajen surukata har na ƙoshi. Karen Azawak ne, dogayen nan na Buzaye masu lafaffen ciki, wani aminina ya kawo mini shi daga Abalak yana ɗan kwikwiyo lokacin ina aiki Tawa, shi ke mini gadin gida. Matsalarshi guda, ba ya cin abinci hannun kowa sai nawa. Na taɓa barin shi kwana 4 na dawo na iske shi kamar tsinken tsire, shi ya sa ban da zaɓi.

Kafin in tashi sai da na rubuta wa mai wurin ta WhatsApp, na aika hoton karen, na ce zai kwana bakin ƙofar ɗakinmu daga ciki. Ya ce babu damuwa. Har yau saƙon yana cikin wayata. Na je wajen likitan dabbobi anka sabunta allurar haukan kare anka buga hatimi cikin karne, wato takardar allurarshi, munka kama hanya, Dosso, Gaya, Malanville, Kandi, munka kwana Parakou, washegari Bohicon, Kwatano, Ouidah, sama da kilomita 1,000 kare na kwance bayan mota ko haushi bai yi ba.

Gaskiya wurin yana da kyau, itatuwan kwakwa, rairayi, kifi gasasshe da ɗiyana har yau suke zancenshi. Shi ke nan abin da zan ce kan wannan.

Muna isa da magariba mai kula da wurin ya leƙo ya ga Guguwa ya ja da baya, wai shi ya zaci ƙaramin kare ne irin na Turawa da ake rungumewa, wanga kam ba ya shiga ɗaki. Na nuna mishi saƙon maigidanshi, ya ce maigida yana Kwatano wayarshi ba ta shiga. Ana cikin haka wata Baturiya da ke zaune tana shan lemu ta taso tana mini faɗa wai ina kashe kare da yunwa, dubi haƙarƙarinshi. Hajiya, haka Allah ya halicce su! Ƙasarku ma masu kuɗɗi ne ke sayensu, tun shekarun 1970 ake kai su Turai. Ban faɗa mata ba dai, gajiya ta hana ni, cikin raina na yi.

Ƙarshe anka ɗaure shi bayan ɗakin janareta. Wanda ya san karen Azawak ya san ba gashin kirki gare shi ba, zafin Tawa ba ya damunshi amma sanyi da laima su ne abokan gabarshi, ga iskar teku mai gishiri tana kaɗawa dare duka, ga rugugin ruwa da bai taɓa ji ba tun da anka haife shi. Sau 2 ina fitowa in duba shi yana rawar ɗari. Da asuba na fito alwala, sai guntun igiya. Ya tauna ta ya tafi.

Wallahi ban san lokacin da na fara gudu bakin ruwa da silifas ƙafa guda ba. Kuma tekun nan ba ta wasa ba ce, ƴan garin da kansu suna hana baƙi shiga saboda yadda take ja, ni duk tunanina ta ɗauke shi. Mai kula da wurin da na tashe shi ya ce in jira ƙarfe 8 a buɗe ofis. Ofis!

Tsohon mai gadin dare ne ya cece ni, Dendi ne mutumin Malanville, yana jin Hausa sarai. Ya ce ɗana kwantar da hankalinka, kare mai tsoron ruwa ba ya shiga ruwa, bi sawu. Ya haska tocila, ga sawun nan kuwa dogaye sun miƙe gabas, wajen da kogin Mono ke haɗuwa da teku. Munka yi ta tafiya har gari ya waye, hanya yana nuna mini inda kunkurun teku ke fitowa da dare su binne ƙwai cikin rairayi, ya ce lokacinsu ne, in kare ya tone ramin akwai masu kula da su da ba za su ƙyale mu ba. Wannan ma ba wanda ya gaya mini a masaukin.

Wajen masunta munka iske shi. Mutane sun jeru suna jan taru da waƙa, shi kuma gogan yana kwance ƙarƙashin wani kwalekwale da anka kife, mata masu banda kifi sun jefa mishi kawuna ya ƙi ko shinshinawa. Baba ya yi musu magana da yarensu sunka yi ta dariya, wai wani yaro ya rantse barewa ce. Na ciro jika 5 na ba Baba ya ture hannuna, ya ce haba ɗana, mu da ku gada ce kawai tsakani. Daren na biyu cikin ɗan ɗakinshi na gadi ya shimfiɗa wa Guguwa buhu. A nan na huce, har na ce wa uwar ɗiya wurin nan ba laifi, mu ƙara kwana guda.

Sai ranar tafiya anka miƙo mini takardar kuɗɗi. Ƙarin kare, jika 5 kowane dare, dare 3. Na ce wane daren, wanda ya kwana gindin janareta ya gudu, ko waɗanda ya kwana kan buhun mai gadi? Ya ce haka tsarin yake. Wayar maigida kuma nan take ta shiga, da ya ji zancen kuɗɗi ne. Har da jika 2 na igiya, igiyar da ban ce a ɗaure mini kare da ita ba.

Na biya don yara na cikin mota suna jira. Sauran kilishin da munka zo da shi na kai wa Baba, wannan kam ya karɓa. Guguwa tari ya yi ta yi har munka wuce Kandi.