Zama bakwai da leza a kan gashin haɓata

Shekara tara ina tsige gashin haɓata da hantsaki. Kullum da safe, kafin in wanke fuska, sai na tsaya gaban madubi na bi su ɗaya bayan ɗaya. Gashin ba shi da wani yawa, amma kauri gare shi, kuma da yake a nannaɗe yake fitowa, wani sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata ya yi ƙurji, ƙurjin ya warke ya bar baƙin tabo. Daga baya tabon ya fi gashin damuna. Shi ya kai ni ga leza, kuma yanzu da na yi zama bakwai ina ganin ina da bakin magana.

Ranar da na fara zuwa ko taɓa ni da na'urar ba a yi ba. Ma'aikaciyar ta ɗaga haɓata, ta haska fitila, ta ce, "Anti, yaushe rabonki da tsiga?" Na ce jiya da daddare, har ina jin na kyauta, wai na zo musu da fuska tas. Ta yi murmushi ta ce sai dai in dawo bayan sati shida. Raina bai so ba, amma bayaninta ya shige ni. Hasken leza ba fata yake nema ba, baƙin launin da ke cikin gashi yake bi, wato melanin. Gashi ya sha hasken ya ɗau zafi, zafin ya gangara ya ƙona saiwar. Wadda ta tumɓuke gashi daga saiwa ta cire hanyar da zafin zai bi ke nan. Saboda haka hantsaki da zare da halawa duk an hana ni. Reza kaɗai aka bar mini, don ita sama take yankewa, ta bar saiwa a ciki.

Waɗannan makonni shida sun fi duk zaman lezan wahala. Hannu ya riga ya saba. Ina zaune ina duba waya sai in ji yatsuna suna lalube a haɓa, sun sami guda ɗaya suna murzawa. Sai da na miƙa wa ƙanwata hantsakin na ce ta ɓoye, ko na roƙe ta kada ta ba ni. Na roƙa kuwa, sau biyu, ta ce, "Yaya, ke kika ce." Ga tsoron reza, don tun ina yarinya nake jin cewa aski na ƙara wa gashi kauri. Ba haka ba ne. Reza tana datse tsinin gashi ne kawai, shi ya sa in ya tofo ake jin kaushi, amma kaurinsa yana nan yadda yake.

Tambayar da nake so duk mai baƙar fata ta yi kafin ta kwanta a gadon nan ita ce: wace na'ura za a sa mini? Ba duka ɗaya ba ne. Ana bambanta su da tsawon zangon haskensu: akwai Alexandrite mai nanomita 755, akwai diode wajen 810, sai Nd:YAG mai 1064. Matsalarmu ita ce melanin ɗin da leza ke nema a gashi yana nan jibge a fatarmu. Alexandrite tana son melanin sosai, don haka a fata mai duhu tana iya ƙona saman fata kafin ta kai saiwa. Nd:YAG kuwa tana ratsawa ƙasa, saman fata bai cika shan haskenta ba, ita aka fi amincewa da ita ga irinmu. Akwai kuma IPL da wasu ke tallatawa da sunan leza, alhali haske ne mai faɗi, kuma ya fi saurin ƙona baƙar fata. Ni Nd:YAG aka sa mini, kuma sai da aka gwada a ɗan wuri ƙarƙashin muƙamuƙi, aka jira kwana biyu a ga ko fatar za ta tashi. Wurin da bai yi maganar gwaji ba, ni dai ba zan zauna ba.

Takardar tambayoyin ta yi tsawo, amma babu tambayar banza a ciki: ciki, tabon da ke kumbura ya yi tudu, ƙurajen zazzaɓi na bakin leɓe, da magunguna. Wasu, irin su doxycycline, suna sa fata ta kasa jure haske, isotretinoin na ƙurajen fuska ma dole a faɗa. An ce in ajiye man retinol da duk mai ɗaye fata sati guda kafin zama, in kuma guji zafin rana. Daren jajibiri in aske, da safe in zo ba mai, ba hoda, ba turare a wurin.

Zaman kansa bai kai minti goma ba. Aka rufe mini ido da baƙin tabarau, bututu yana hura iska mai sanyi a haɓa, sai tas, tas, tas. Kamar a ja roba a sake ta a fata, da ɗan zafi a bayanta. A kumatu ban ji komai ba, amma tsakiyar haɓa, inda gashin ya fi kauri, sai da na damƙe gefen gado. Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne warin. Ƙaurin gashi ne sosai, kamar an kusantar da shi ga kyandir, har na zabura na ce ko na ƙone. Da na duba madubi, gindin kowane gashi ya ɗan tasa, ƙanana-ƙanana kamar tsikar jiki ta tashi. Kafin dare sun kwanta. Kwana biyu ban yi wanka da ruwan zafi ba, ban motsa jiki na yi gumi ba, kuma man kariya daga rana mai SPF 30 ko sama ya zama dole kowace safiya.

Bayan kwana huɗu gashin ya ci gaba da fitowa, na ce shi ke nan, an cuce ni. Ashe matattun ne fata ke turowa waje. Cikin sati na biyu ina goge fuska da tawul sai na ga ƙananan baƙaƙen tsinke a jikinsa, ba tare da na ji komai ba. Sati uku haɓata sumul, sannan wasu suka tofo. Dalili kuwa, gashi ba tare yake girma ba: wani yana cikin tsiro, wani yana hutu, kuma mai tsiron kaɗai leza take kamawa. Shi ya sa ake komawa duk bayan sati huɗu zuwa shida, har sau shida ko takwas.

Ƙorafina biyu ne. A zama na huɗu wata ce daban ta yi mini, ta ƙara ƙarfin na'urar ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa mata na sha rana a satin ba. Na tashi da ƙuna kamar ƙwayar wake a gefen muƙamuƙi, ta yi baƙi, ta kusa wata uku kafin ta dushe. Laifin namu ne mu biyu. Na biyu shi ne tallan "rabuwa da gashi har abada" da suka manna a bango. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ma raguwa mai ɗorewa ta yarda a ce, ba gushewa gaba ɗaya ba. Gashin fuskar mace kuma sau da yawa sinadaran jiki ke tayar da shi, kamar a lalurar PCOS mai hargitsa sinadaran jikin mace da al'adarta, don haka sabo yana iya tsirowa, kuma ganin likita a kan wannan ya fi ƙara zaman leza amfani.

Yanzu abin da ya rage mini siraran gashi ne da nake askewa sau ɗaya a sati biyu. Ƙurajen sun daina, tabon yana ta washewa. Sai furfura guda uku a ƙasan haɓa, waɗanda leza ba ta ko gani, tunda babu baƙi a jikinsu. An ce sai dai a bi su da allurar lantarki ɗaya-ɗaya. Ban je ba tukuna, kuma har yau hantsakin yana hannun ƙanwata.