Sharhi kan kayan mayar da tsohuwar Honda CG125 kafe resa

Kayan da nake magana a kansu ana sayar da su ne a dunƙule a kasuwannin intanet, da alƙawarin cewa duk mai tsohuwar Honda CG125 zai iya mayar da ita kafe resa, wato babur da aka rage wa kaya aka ba shi siffar na tsere, da sifana da sukudireba kawai. A cikin kwalin da ya iso mini akwai sirdi mai tozo a baya, da gajerun hannaye biyu da ake ɗaurewa kai tsaye a jikin shokozoban gaba, da ƙaramar fitila zagayayya, da madogaran ƙafa da ake mayarwa baya, da buɗaɗɗiyar salansa, da kuma ƙaramar matatar iska mai siffar mazubi wadda ake cusawa a bakin kabureta. Na yi amfani da babur ɗin a Kaduna cikin hunturu da kuma cikin damina, kuma ra'ayina a kan kayan ya rabu: wasu daga cikin waɗanda suka shafi siffa sun biya kuɗinsu, waɗanda suka taɓa numfashin inji kuwa sun fi kawo wahala a kan amfani.

Irin wannan babur ya samo asali ne a Ingila cikin shekarun 1950 da 1960, lokacin da matasa ke taruwa a wuraren shan shayi na bakin hanya, musamman Ace Cafe da ke kan titin North Circular a Landan, suna cire duk abin da ke ƙara wa babur nauyi domin ya kai gudun mil 100 a awa, wato kimanin kilomita 160. Fitaccen samfurinsu shi ne Triton, injin Triumph a cikin firam ɗin Norton. CG125 ba ta da alaƙa da wannan buri ko kaɗan. Honda ta fito da ita a 1975 bayan injiniyoyinta sun zagaya ƙasashen Asiya sun ga yadda ake lodin babura fiye da kima, ana kuma barin baƙin mai ya daɗe ba a canza ba, sai suka ƙera inji mai sauƙi da ke buɗe bawul da sanduna maimakon sarƙar taimin, mai ƙarfin doki wajen 11. Saboda haka mai sayen waɗannan kaya ya sani tun farko cewa kamanni yake saye, domin babu salansar da za ta sa injin 124cc ya yi gudun Triton.

Sirdin shi ne abin da ya fi gamsar da ni. Fatarsa ta jure rana ba ta tsage ba, ɗinkinsa ya tsaya daram, kuma tozonsa na baya ya ba da wurin ɓoye batir bayan an cire murafun gefe. Sai dai da'awar cewa yana hawa ba tare da yanka ba, ba gaskiya ba ce. Firam ɗin CG125 ya fi sirdin tsawo, kuma dole aka yanke wutsiyarsa aka haɗa lanƙwasasshen bututu a madadinta. Wannan aiki a Panteka aka yi shi, kuma a nan ne na ga bambancin wanda ya san ƙarfe da mai sayarwa a intanet: mai waldar ya ƙi yanka kusa da inda shokozoban baya ke ɗaure, ya zura ɗan guntun ƙarfe cikin bututun kafin ya haɗa domin mahaɗar ta yi ƙwari, sa'an nan ya sa yaransa biyu suka danne bayan babur ɗin har ƙasa don ya ga ko taya za ta taɓa ƙasan sirdi. Ta taɓa kuwa, sai ya ɗaga bututun kaɗan. Takardar da ta zo cikin kwalin ba ta ambaci wannan gwaji ba, alhali kuwa rami ɗaya a kan titi ya isa ya sa taya ta ci wayoyin da ke ƙarƙashin sirdin.

Gajerun hannayen suna da kyau a ido, kuma ƙarfensu ba laifi. Abin lura shi ne kaurin shokozoban gaba, domin na CG125 siriri ne idan aka kwatanta da na manyan babura, kuma mai sayarwar ya aiko da masu faɗin baki tare da zoben cikewa na roba. Robar tana sakin jiki idan rana ta yi zafi, hannun ya riƙa juyawa a lokacin da aka danne birki da ƙarfi, wanda hakan haɗari ne ƙarara. An maye gurbinta da zoben alminiyom da aka sassaƙa a injin juya ƙarfe. Bayan haka sai ya bayyana cewa idan aka karya kan babur har ƙarshe, hannayen na dukan tanki suna matse babban yatsa, don haka aka ƙara ɗigon walda a kan matsayin da ke tsayar da juyawar kai. Sakamakonsa shi ne babur ɗin yanzu yana buƙatar fili kafin ya yi kwana, kuma a cikin cunkoson Kasuwar Barci wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Wayoyin kuloci da na totur su ma sun yi tsawo da yawa, sai da aka samo gajeru, in ba haka ba totur na ƙara wuta da kansa idan an juya kai hagu.

Madogaran ƙafa na baya ban ci moriyarsu ba ko kaɗan, domin na dama yana tare hanyar kik, kuma babur ɗina ba shi da sitata. Na mayar da na asali.

Inda na fi daɗewa ina fama shi ne matatar iska da salansa. Akwatin iska na asali yana rage yawan iskar da ke shiga kabureta, kuma masu ƙera babur ɗin sun auna jet, wato 'yar ƙaramar ƙofar da fetur ke bi a cikin kabureta, daidai da wannan iska. Da aka cire akwatin aka sa ƙaramar matatar, aka kuma buɗe salansa, sai iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan. Alamomin ba su ɓuya ba: injin yana tashi da ƙyar da safe, yana shaƙewa idan aka buɗe totur da sauri, yana harbi ta salansa idan aka sake shi, kuma yana ɗaukar zafi fiye da yadda na saba. Da aka kwance fulogi, bakinsa ya fito fari fat, maimakon launin ƙasa-ƙasa da ke nuna cewa cakuɗar ta daidaita. Wannan ba batun jin daɗi ba ne kawai, domin injin da iska ke sanyayawa idan ya daɗe yana aiki da ƙarancin fetur yana iya ƙone bawul ko ya huda fistin. Kayan ba su zo da jet ko ɗaya ba, kuma babu gargaɗi a rubuce.

Makanikena ya bi abin a tsanake. Ya fara da tabbatar da cewa giɓin bawul yana kan milimita 0.08 da injin a sanyaye, ya duba robar da ke tsakanin kabureta da kan silinda ko tana shan iska ta gefe, sa'an nan ya shiga canza babban jet yana hawa mataki-mataki, kowane canji a yi gudu a kan hanya a kashe injin nan take a duba launin fulogi. Ya kuma ɗaga allurar kabureta da daraja ɗaya, ya daidaita sukurun iska. Abin da ya sauƙaƙa aikin shi ne kaburetar CG125 irin mai zamiya ce da wayar totur ke ja kai tsaye don buɗe hanyar iska, ba irin wadda ke dogara da tsotson iska ba, wadda ta fi ƙin irin waɗannan matatu. Injin ya daidaita, amma shan mai ya ƙaru, kuma ƙarfin da yake da shi a ƙananan giya, wanda shi ne abin da ake so a cikin gari, ya ɗan ragu. Abin da na samu a madadinsa ƙara ce kawai, wadda maƙwabta ba su yi maraba da ita ba da asuba.

Ko da cakuɗar ta daidaita, matatar ba ta dace da yanayinmu ba. A lokacin hunturu ƙurar da ke tashi laushi gare ta kamar garin fulawa, kuma ragar matatar ba ta tare ta. Da muka buɗe kabureta bayan sanyi ya wuce, sai da na shafa yatsa a cikin maƙogwaronta na ga ja-ja, zamiyar kuma ta fara nuna zane-zanen karce a gefe ɗaya. Duk abin da ya wuce nan cikin silinda yake tafiya, ya ci ringi. Makaniken ya riƙe zamiyar a tafin hannunsa ya ce, "Yallaɓai, in ka bar wannan abu har wani hunturun, to ka tanadi kuɗin fistin da ringi." Da damina ta sauka kuma, ruwan da tayar baya ke watsowa yana faɗawa kan matatar kai tsaye tun da an cire madigadi, injin ya riƙa tari ya mutu a tsakiyar hanya. Akwai kuma bututun numfashin inji, wanda da can yake da mazauninsa, yanzu ya zama a sake yana tofa baƙin mai a jikin firam. A ƙarshe na mayar da akwatin iska na asali, aka yi masa baƙin fenti yadda ba ya ɗaukar ido, aka sa gajeren madigadi a ƙarƙashin sirdi, aka cusa wa salansar abin rage ƙara, aka sauko da jet kusa da na farko.

Fitilar ta zo da nata cikas. Tsofaffin CG125 suna aiki da wuta mai bolt 6, kuma fitilar gaba tana shan wutarta kai tsaye daga kwayil, tana ƙara haske da ƙaruwar gudun inji. Fitilar da ke cikin kwalin irin ta LED ce mai bolt 12 da ke son wuta tsayayya, don haka ta riƙa ƙyaftawa, ba ta haska komai. Mafita ita ce mayar da babur ɗin gaba ɗaya kan bolt 12, da kwayil da na'urar daidaita wuta da akwatin CDI mai ba fulogi wuta, irin na baburan da aka kwaikwayi injin CG aka ƙera, waɗanda kayansu ke cike da shagunan sifiya. Wannan canji shi ne mafi amfani a duk aikin, domin ya raba ni da gyaran kwantak, tsohon tsarin ba fulogi wuta, babur ɗin kuma yana tashi da kik ɗaya ko biyu, amma kuɗinsa daban ne, kuma mai sayar da kayan bai tambayi wace shekara babur ɗina yake ba kafin ya aiko.

Game da hawa, zaman ya sa nauyin jiki ya koma kan wuyan hannu, kuma a kan titi mai kyau, kamar wasu sassan hanyar Zariya, babur ɗin yana da daɗin sarrafawa, ya fi sauƙi, ya fi jin kwana. A kan hanya mai ramuka kuwa baya da kafaɗu suna gajiya da wuri, kuma babu wurin goyo ko ɗaura kaya. Birkin har yanzu na ganga ne gaba da baya, don haka na sa sababbin takalman birki da tayoyi masu kyau, abin da kwalin bai ƙunsa ba.

Wanda ke da niyyar yin irin wannan aiki, shawarata ita ce kada ya sayi kayan a dunƙule. Ya sayi sirdi da hannaye daban bayan ya auna kaurin shokozobansa, ya duba ko wutar babur ɗinsa bolt 6 ce ko 12 kafin ya zaɓi fitila, ya bar akwatin iska a inda Honda ta sa shi, sauran kuɗin kuma ya kashe su a kan mai walda nagari da birki da taya.