Kalandar bango ta 2025 mai lissafin Hijira: sharhi bayan ƙarewar shekara

Kalandar da nake magana a kanta irin wadda masu sayar da littattafai na Kasuwar Kurmi ke ratayewa a bakin shaguna ce, shafi guda ga kowane wata, kuma wata ƙaramar maɗaba'a ta nan Kano ce ta buga ta. Babban abin da ya sa nake yaba mata shi ne ta haɗa lissafin Miladiyya da na Hijira a cikin kowane gida na kwanan wata, ta yadda mai dubawa zai ga shekarar 1446 ta miƙa wa 1447 a ƙarshen watan Yuni ba tare da ya nemi wata takarda ba.

Ranakun hutun da ba sa motsi an sa musu jan tawada daidai: 1 ga Janairu, 1 ga Mayu ta ma'aikata, 1 ga Oktoba ta samun 'yancin kai a 1960, da 25 da 26 ga Disamba. Ranar Dimokuraɗiyya ma tana wurinta na yanzu, wato 12 ga Yuni, domin tunawa da zaɓen 1993, ba 29 ga Mayu ba da har yau wasu masu bugawa ke kwafowa daga tsofaffin kalandu.

Inda ta fi burge ni shi ne gaskiyar da ta faɗa game da ranakun da suka dogara da ganin wata. A ƙarƙashin Ƙaramar Sallah da Babbar Sallah da Maulidi an rubuta da ƙananan haruffa cewa hasashe ne, sai abin da Sarkin Musulmi ya sanar, kuma Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ke ayyana hutu. Wannan gargaɗi yana da amfani ga tela da ke karɓar ɗinkin Sallah da mai kiwon raguna, tunda shekarar Hijira tana ja da baya da kusan kwana 11 kowace shekara. Hasashen kuwa ya dace, domin an yi Ƙaramar Sallah ranar Lahadi 30 ga Maris, Babbar kuma ranar Juma'a 6 ga Yuni.

Sai dai kalandar da aka buga a Kano bai kamata ta manta da Takutaha ba, ranar da jama'a ke hawa Dutsen Dala mako guda bayan Maulidi, balle Maukibin Ƙadiriyya. Haka kuma ranar 27 ga Mayu an rubuta ranar yara kawai, alhali a ranar ce aka ƙirƙiri Jihar Kano a 1967. Wannan rashi ya dame ni ƙwarai, domin yara a gida daga bango suke fara koyon irin waɗannan ranaku.

Filin rubutu da aka bari a ƙasan kowane shafi ya yi mini aiki sosai a 2025. A nan na rubuta rasuwar Alhaji Aminu Ɗantata a ƙarshen Yuni, da ta tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ranar 13 ga Yuli, da hutun 15 ga Yuli da gwamnatin tarayya ta bayar ranar da aka yi jana'izarsa a Daura, Allah ya jiƙansu. Takardar ba ta da kauri, shafin Agusta ya nannaɗe da laimar damina, kuma lambobin Hijira sun yi ƙanƙanta ga idon dattijo. Idan maɗaba'ar ta ƙara girmansu ta kuma saka ranakun Kano, zan sayi ta gaba har in kai wa makarantar Islamiyyar unguwarmu.