Sayen gida a Legas: damina ko rani?

Mutane sun dame ni da tambaya a Agege, wai su sayi gida da damina ko su jira rani. Toh da damina, musamman Yuni da Yuli, gida baya iya ɓoye aibinsa, da idonka zaka ga inda ruwa ke kwanciya a tsakar gida da ko kwata tana ja, wajajen Lekki da Ajah da ke bakin ruwa kuwa kuɗin cikon yashi da intalok (bulon da ake shimfiɗawa a tsakar gida) kaɗai sai ya girgiza maka aljihu. Ciyawa da fulawa suna kamawa ba ban ruwa, sai dai aikin siminti yayi ta jan ƙafa.

Da rani birkila baya tsayawa, amma shuka sai ruwan tanka in ba bohol.

Baƙo a unguwa gara ya duba da damina. Wanda ya san layin kuma yana sauri, rani ya ishe shi.